Insulin ya yi wa goɗiyar da nake kula da ita yawa, ni kuma an ce ina bakin ciwon suga: cuta ɗaya ce?

Abu Sa'adu, daga Hawiyya, Ɗa'ifa:

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Ina roƙon masu ilimi a cikinmu su warware mini wani al'amari da ya hana ni sukuni tun watan jiya, domin ya shafi dabbar da aka ba ni amanarta, ya kuma shafi lafiyar jikina.

Shekarata 14 ina aikin barga, wato sayis kamar yadda ake kiranmu a nan, kuma dawaki 9 ne a hannuna yanzu. A cikinsu akwai wata goɗiya Balarabiya, kili, mai shekara 11, wadda maigidan ya fi ƙauna a kan sauran. Ba ta tsere, ba a cika hawanta ba, domin kyau da haihuwa aka ajiye ta. Abincinta a kullum sha'ir ne kilo 4 a raba biyu, da ɗanyen barsim, wata koriyar ciyawar dabbobi ta nan, iya cinta, da busasshiyar ciyawar rodas, sannan duk yaron gidan da ya shigo barga sai ya cika tafin hannunsa da dabino ya miƙa mata. Wuyanta ya yi tozo mai tauri a ƙarƙashin geza, kitse ya taru a gindin wutsiya da saman idanu da gaban hantsa. Duk baƙon da ya gan ta sai ya ce masha Allah, ni ma ina jin daɗi, ina ɗaukar hakan a matsayin shaidar riƙon amana.

Sau 3 ke nan cikin shekara guda tana kama ɗingishi a ƙafafun gaba. A wannan karon abin ya tsananta, har ta riƙa miƙa ƙafafun gaba tana jingina nauyinta a baya, ta ƙi juyawa a kan siminti, kofatan kuma da zafi idan na dafa. Likita ya zo ya ce humra ce, wato wani ciwo na cikin kofato, ya ɗauki hoton kofato, ya ɗebi jini. Da sakamakon ya fito sai ya ce suganta 96 ne, lafiya lau, amma insulin ɗinta ya kai 71, wanda ya wuce kima nesa ba kusa ba, kuma ya umarci a daina ba ta sha'ir da dabino nan take.

A cikin watan nan dai na je asibitin unguwa saboda ciwon kai, aka tarar jinina ya ɗan hau, aka yi mini gwajin tarakumi, wato na matsakaicin sugan jini, ya nuna 6.1. Likita ta ce ban kamu da ciwon suga ba tukuna amma ina bakin ƙofa, jikina ya fara ƙin jin insulin, ta rubuta mini maganin suga mai suna metformin. Ni shekarata 47, kuma mahaifina, Allah ya jiƙansa, sai da aka yanke masa yatsun ƙafa biyu saboda suga kafin ya rasu.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, mun san insulin magani ne da ake yi wa masu suga allurarsa, to ta yaya yawansa zai zama cuta? Idan sugan goɗiyar daidai yake, mene ne ciwonta, kuma me ya haɗa jini da kofato? Abin da ke damunta shi ne yake damuna? Zan iya niƙa mata irin maganin da aka ba ni? Sannan da wace hujja zan tunkari maigida, wanda yake ganin rage mata abinci rowa ce da rashin tausayi?

Abu Maryam, likitan dabbobi, daga Riyad:

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malam Abu Sa'adu, Allah ya ba ka lafiya, ya ba goɗiyar sauƙi, ya jiƙan mahaifinka. Likitan da ya duba ta ya yi daidai, kuma zan yi ƙoƙarin bayyana maka dalilinsa.

Insulin sinadari ne da wata gaɓa da ke kusa da tumbi, wadda Larabawa ke kira bankiriyas, take zubawa cikin jini duk lokacin da suga ya shiga daga abinci. Aikinsa shi ne ya sa tsoka da hanta da kitse su karɓi sugan su adana. Idan jiki ya daɗe yana samun abinci fiye da buƙatarsa, kitse ya taru, sai gaɓoɓin su fara taurin kai, umarnin da suke bi da ɗan insulin kaɗan sai ya zama ba sa bi sai da mai yawa. Bankiriyas kuwa ba ta ja da baya, ƙara zubowa take yi. Saboda haka za ka auna suga ka same shi daidai, alhali an biya wannan daidaiton da insulin ninki biyu ko uku. Har zuwa nan labarinka da na goɗiyar ɗaya ne.

Inda kuka rabu shi ne abin da ke biyo baya. A jikin mutum bankiriyas takan gaji bayan shekaru, insulin ya kasa, suga ya hau, shi ne ciwon suga nau'i na 2. A jikin doki da wuya ta gaji, shi ya sa ciwon suga na ainihi ba kasafai ake ganinsa a dawaki ba. Tana ci gaba da zubowa shekara da shekaru, kuma kofato ne yake ɗaukar asarar. Ƙashin ƙarshe na ƙafar doki ba a kan ƙasa yake zaune ba, a rataye yake a cikin kofato da wasu siraran faya-fayai kimanin 550 zuwa 600 a kowace ƙafa, waɗanda suka sarƙe da juna kamar ka cusa yatsun hannunka na dama a tsakanin na hagu. Yawan insulin yana sa faya-fayan nan su miƙe su yi rauni, nauyin dabbar ya ja ƙashin ya karkata ko ya nutse, wannan ita ce humra.

Wannan ba zato ba ne. A shekarar 2007 masu bincike a Jami'ar Kwinsland da ke Ostareliya sun ɗauki ƙananan dawaki 5 masu cikakkiyar lafiya, suka riƙa ɗura musu insulin ta jijiya tare da riƙe sugan jininsu a daidai, kuma dukkansu sun kamu da humra cikin awa 72. A 2010 aka maimaita gwajin da manyan dawaki, suka kamu cikin awa 48. Kafin nan, a 2002, wani likitan dabbobi a Jami'ar Missouri ta Amurka mai suna Philip Johnson ya lura cewa ƙiba da ƙin jin insulin da humra suna tafiya tare, ya kwatanta su da tarin matsalolin da aka sani a jikin mutane. A yau an tabbatar cewa mafi yawan humrar da muke gani, kusan 9 cikin 10 a wani bincike da aka yi a ƙasar Finlan, daga irin wannan rikicewar sinadaran jiki take tasowa. Kuma dokin Larabawa yana cikin jinsunan da suka fi saurin kamuwa, domin jikinsa ya saba riƙe ɗan abin da ya samu, kamar yadda ya dace da dabbar da ta fito daga sahara.

Game da lambar 71, a ma'aunin da aka fi amfani da shi duk abin da ya haura 50 ba tare da an ba doki hatsi ba alama ce bayyananna. Sai dai raɗaɗi kansa yana ɗaga insulin, don haka a sake gwajin idan zafin ƙafar ya lafa. Sauran dawakan da ka ga wuyansu ya fara tozo, a yi musu gwajin da ake ba doki ruwan zaƙi a baki sannan a ɗebi jini bayan minti 60 zuwa 90, domin akwai dokin da insulin ɗinsa ba ya nuna kansa sai ya ci.

Yanzu batun abinci, wanda shi ne ainihin maganin. Fiye da rabin nauyin sha'ir sitaci ne da ke komawa suga, busasshen dabino kuwa kusan kashi biyu cikin uku na nauyinsa suga ne, saboda haka babu sassauci a kan waɗannan biyun, haka nan duk haɗin abincin buhu da aka zuba wa ruwan rake. Barsim ba shi da suga sosai kamar yadda ake zato, amma yana da ƙarfin gina jiki, kuma wadda ake so ta rame ba ta buƙatarsa a yanzu. Abin da za ta ci shi ne busasshiyar ciyawa, kashi 1.5 cikin 100 na nauyinta a yini. Idan nauyinta kilo 430 ne, ciyawar ta kama kusan kilo 6 da rabi, a auna ta tana busasshiya. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima, to a wannan wurin ido yana yaudara, ka nemi sikelin ratayawa. Ana so suga da sitacin ciyawar kada su wuce kashi 10 cikin 100, kuma tun da ba kowace barga ce ke iya kai ciyawa ɗakin gwaji ba, sai ka jiƙa ta cikin ruwan sanyi na awa ɗaya, ka zubar da ruwan inda ba za ta sha ba. Kada ka bar ta ta wuni a jiƙe, domin zafin ƙasar nan yana sa ta yi tsami. Jiƙon yana wanke gishirin ciyawar tare da sugan, don haka likita ya rubuta mata haɗin bitamin da ma'adinai marar zaƙi. Ka raba ciyawar kashi 4 ko 5 a cikin raga mai ƙananan idanu, saboda tumbin doki ƙarami ne, an halicce shi ne ya riƙa tsinka kaɗan-kaɗan kusan awa 16 a rana.

Kada ka ba ta maganinka. Hanjin doki ba ya tsotsar metformin sai ɗan kaɗan, ƙasa da kashi 10 cikin 100, kuma ko da likita zai yi amfani da shi, awonsa daban ne ƙwarai. Akwai wasu sababbin magungunan suga na mutane da ke fitar da suga ta fitsari, waɗanda aka fara gwadawa a dawaki kuma suna saukar da insulin sosai, amma suna iya ɗaga kitsen jini, ba a ba da su sai ana bin jinin da gwaji. Allurar insulin kuwa ƙara wa wuta fetur ne a wurinta. Haka kuma ka sanar da duk likitan da zai taɓa ta halin da take ciki kafin ya yi mata allurar kotizon, wato ta maganin kumburi, domin tana ɗaga insulin, tana iya tayar da humra.

Baba Abu Haruna, daga Madina:

Assalamu alaikum. Ɗana Abu Sa'adu, na karanta damuwarka, na kuma karanta amsar Dakta, Allah ya saka masa da alheri. Ni ba likita ba ne, amma a barga na tashi a ƙasar Katsina kafin Allah ya kawo ni nan shekara 41 da suka wuce, kuma a nan ma na yi hidimar dawaki har ƙarfina ya ƙare.

Zuciyata ba ta kwanta da a ɗora laifin duka a kan hatsi da dabino ba. A gida gero da dawa da dusa da harawa muke ba dawaki, mu jiƙa musu kanwa, kuma ban tuna wannan ciwon kofato ya yi yawa a cikinsu ba. Larabawan ƙauye ma na gan su da idona suna ba doki dabino. Bambancin da na gani shi ne, dokin da yana cin abincinsa ne da guminsa. Da asuba an fita da shi kilisa, da rana an je kasuwar wani gari a kansa, ran salla ya yi sukuwa. Dokin da ba a hawa, wanda aka ɗaure a turke ana tura masa abinci domin a ga ƙibarsa ranar hawa, shi ne wanda nake tunawa yana yawan ciwon ƙafa, kuma a lokacin mukan ce sanyi ne ya kama shi ko kuma baki ne. Yanzu da na ji bayanin Dakta sai na gane abin da muke gani ba mu sani ba. Dawakin nan kuwa ɗaki ne mai na'urar sanyaya iska, abinci sau uku, tafiyarsu daga ɗaki zuwa wurin wanka.

Game da maigidanka, kada ka je masa da kalmar rage abinci, ka je masa da abin da ya sani. Ya tabbata a hadisin Abdullahi ɗan Umar cewa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya sa an yi tsere a garin nan tsakanin dawakin da aka ramar da su, daga Hafya zuwa Saniyyatul Wada'i, wajen mil 5 ko 6, waɗanda ba a ramar ba kuwa aka taƙaita musu daga Saniyya zuwa masallacin Banu Zuraiƙ, kimanin mil ɗaya. Ramarwar nan, wadda Larabawa ke kira tadmir, ita ce a rage wa doki abinci sannu a hankali, a lulluɓe shi ya yi gumi, har kitsensa ya tafi namansa ya ɗaure. Duk Balaraben da ya san doki ya san wannan kalma kuma yana girmama ta. Ka nuna masa cewa wanda aka ramar shi aka amince wa doguwar tafiya.

Shawarata a aikace, da ni ne sai in hana ta abinci kwana biyu cikinta ya sauka, in ba ta ruwan kanwa, sannan in riƙa ja da ita cikin yashi kowace safiya ko ba ta so, domin jini ya zaga ƙafar. Amma Dakta ya duba wannan, idan akwai kuskure ya gyara.

Abu Maryam, likitan dabbobi, daga Riyad:

Baba, Allah ya ƙara girma. Maganarka a kan aiki gaskiya ce tsantsa, tsokar da ke motsi tana shan suga ba tare da ta jira insulin mai yawa ba, shi ya sa dokin aiki yake cin hatsi ya zauna lafiya. Hujjar tadmir kuma ni kaina zan riƙa amfani da ita wajen masu dawaki.

Amma tun da ka ba ni izini, ina roƙon kada a yi abubuwa biyu. Hana ta abinci gaba ɗaya yana da haɗari, domin dabba mai ƙiba idan ta ji yunwa kwatsam jikinta yakan saki kitse cikin jini fiye da abin da hanta za ta iya sarrafawa, kuma wannan yana kisa, musamman a ƙananan dawaki da jakuna da goɗiya mai ciki. Ramar da ake so ita ce kashi rabi zuwa 1 cikin 100 na nauyinta a mako, wato kilo 2 zuwa 4. Na biyu shi ne tafiyar. Muddin faya-fayan kofato suna da rauni, kowane taku yana ƙara yaga su. Yashin a zuba mata shi ne a ɗaki, mai zurfi, ta tsaya a kai ko ta kwanta, mai gyaran kofato ya yi aikinsa bisa hoton da aka ɗauka, kilisa kuma sai ta daina ɗingishi ba tare da maganin raɗaɗi ba kuma likita ya ba da izini. Kanwa ba ta saukar da insulin, gishiri da ruwa mai tsabta sun wadatar. Idan akwai doki a bargar da ya haura shekara 15, gashinsa ya yi tsawo ya ƙi zuba, a gwada shi daban, domin akwai wata cutar tsufa ta ƙwayar da ke gindin ƙwaƙwalwa da ita ma take kawo humra, ita kuwa tana da maganinta mai suna pergolide.

Ummu Hafsa, ma'aikaciyar jinya, daga Jidda:

Wa alaikumus salam. Yaya Abu Sa'adu, na ga kowa ya duƙufa a kan goɗiya, ni kuwa kai nake ji, domin a sashen masu ciwon suga nake aiki kuma kullum ina wanke irin ƙafar da ka ce mahaifinka ya yi fama da ita.

Tarakumi yana nuna matsakaicin sugan jininka na wata 2 zuwa 3 da suka wuce. Ƙasa da 5.7 lafiya ne, daga 5.7 zuwa 6.4 shi ne bakin ƙofar da aka gaya maka, 6.5 zuwa sama ciwon suga ne. Abin da nake so ka fahimta shi ne 6.1 ba farkon al'amarin ba ne. Kamar yadda Dakta ya bayyana, shekaru jikinka ya yi yana zuba insulin mai yawa yana rufe matsalar, yanzu ne bankiriyas ta fara nuna gajiya. Goɗiyar tana matakin da kai ka wuce. Hawan jinin da aka gani ma ba baƙo ba ne a wannan tafiya. Tun 1988 wani likita Ba'amurke, Gerald Reaven, ya nuna cewa ƙin jin insulin da hawan jini da rikicewar kitsen jini tushensu ɗaya, kuma tare suke kai mutum ga ciwon zuciya. Don haka ka nemi a auna maka kitsen jini da aikin hanta da ƙoda. Ka kuma ɗauki tef ka auna ƙugunka daidai cibiya, idan ya kai santimita 94 ga namiji, ko 80 ga mace, alama ce kitse ya taru a cikin ciki da kewayen hanta. Tozon wuyan goɗiya da teɓar mutum saƙo ɗaya suke isarwa. Wasu kuma fatar bayan wuyansu ko hammata takan yi duhu ta yi kauri kamar dauɗar da ta ƙi fita, wannan ma aikin yawan insulin ne.

Akwai abu guda da ya shafe mu Hausawa musamman. Jinin sikila yana da yawa a cikinmu, kuma ciwon sikila, ko ƙarancin jini, yana iya sa tarakumi ya ba da lambar da ba daidai ba, har wasu na'urorin sukan ruɗe ga wanda yake ɗauke da rabin jinin kawai. Idan ka san kana da shi ka gaya wa likita, a haɗa maka da gwajin suga kafin karin kumallo, wanda 100 zuwa 125 yake nufin bakin ƙofa, 126 zuwa sama kuma ciwon.

Game da ƙafa, kada kamannin ya ruɗe ka. Ƙafar mai suga tana lalacewa ne saboda sugan da ya daɗe a sama ya kashe jijiyoyin ji ya toshe hanyoyin jini, mutum ya taka ƙusa bai sani ba, miki ya ƙi warkewa. Wannan yana ɗaukar shekaru, kuma kai ba ka kai can ba. Wani babban bincike da aka buga a Amurka a 2002 ya bi mutane sama da 3,000 masu irin matakinka. Waɗanda suka rage kusan kashi 7 cikin 100 na nauyinsu, suna tafiya mai ɗan sauri minti 150 a mako, haɗarin kamuwarsu ya ragu da kashi 58 cikin 100, waɗanda aka ba metformin kuma ya ragu da kashi 31. Ka ci gaba da shan maganin kamar yadda aka rubuta, amma ka lura da wanda ya fi ƙarfi a cikin biyun. Idan nauyinka kilo 90 ne, kilo 6 da ɗoriya ake magana.

Na san za ka ce ai kai wuni kake kana aiki. Gaskiya ne, amma gadon cutar daga mahaifi yana da ƙarfi, kuma ka ƙirga abin da kake sha. Kofin shayi mai cokali 3 na suga sau 6 a yini ya haura giram 70, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya tana so baligi ya tsaya ƙasa da kimanin giram 50, idan da hali ma 25. Gwangwanin lemon kwalba ɗaya yana ɗauke da kusan giram 35. Ba banza ba gwamnatin ƙasar nan ta ɗora harajin kashi 50 cikin 100 a kan irin waɗannan lemuka a 2017. Sai burodin tamis da safe, shinkafar kabsa da rana, shinkafa kuma da dare a kwanta a kai. Ban ce ka bar shinkafa ba, ka rage ta zuwa kwatan faranti, ka cika sauran da ganye da wake ko ful da kifi ko kaza, ka ci dabino 2 ko 3 ba tafi guda ba, ka yi tafiyar minti 15 bayan cin abinci. Kafin azumi kuma ka koma wurin likitarka ta tsara maka lokacin shan magani.

Abu Sa'adu, daga Hawiyya, Ɗa'ifa:

Assalamu alaikum. Ku gafarce ni da na yi mako 7 ban dawo ba, na so in zo da labari ne ba godiya kawai ba. Dakta, Baba, da ƙanwata Ummu Hafsa, Allah ya saka muku da mafificin alheri.

Na sami maigida bayan sallar la'asar na kawo masa hadisin tseren Hafya kamar yadda Baba ya ce. Ya yi shiru, sannan ya nemi in nuna masa hoton kofaton, ya ga yadda bakin ƙashin ya sunkuya, daga nan bai sake jayayya ba. Shi da kansa ya hana yaran kawo dabino, ya sayo sikeli da raga. Makon farko ya yi mini nauyi ƙwarai, domin idan na raba wa sauran sha'ir takan bi ni da ido tana haniniya, sai na koma ba ta jiƙaƙƙiyar ciyawarta kafin in fara rabon. Tef ɗin awon ƙirji ya nuna ta sauke kusan kilo 19, tozon wuyan ya fara laushi, tana juyawa a ɗaki ba tare da ta ɗaga kai don zafi ba. An sake ɗibar jini, insulin ya sauko zuwa 34. Likita ya ce har yanzu da saura, kuma ba za ta koma cin sha'ir ba ko bayan ta warke. Mun gwada wasu goɗiyoyi biyu masu kaurin wuya da ruwan zaƙi, ɗaya ta fito da matsalar duk da ba ta taɓa ɗingishi ba, ita ma an sauya mata abinci.

Ni kuma ƙuguna ya nuna santimita 103 ranar da na fara aunawa, yau 99 ne. Shayin na mayar da shi kofi 3, kowane da rabin cokalin suga, lemon kwalba na bar shi, kuma bayan isha ina zagaya katangar gonar sau biyu. Na faɗa wa likita cewa ina ɗauke da rabin jinin sikila, ta ƙara mini gwajin safe, ya nuna 109, za a maimaita tarakumi bayan wata 3 da fara magani.

Dakta, mai gyaran kofato zai dawo ranar Alhamis a sake ɗaukar hoto. Idan likita ya ba da izinin kilisa, da minti nawa zan fara jan ta a hannu, kuma a kan yashi ko a kan ƙasa mai tauri?